Sharhi kan pgloader: yadda take da alhamza da alamar zance wajen kwashe bayanai daga MySQL zuwa PostgreSQL

Sa'adatu haruffa bakwai ne da alhamza (') ɗaya. Haka sunan yake zaune a rumbun bayanai na MySQL, baiti takwas cif. Amma da zarar an fitar da rumbun da mysqldump, abin da za a tarar a fayil shi ne 'Sa\'adatu', da wani kara mai jingina baya, wanda masu aikin ke kira bakslash, tsaye a gaban alhamzar. Karan nan ba na sunan ba ne. Garkuwa ce MySQL ya sa, don kada a ɗauki alhamzar tsakiya a matsayin alamar rufe zance. Idan aka mayar masa da fayil ɗin, zai cire garkuwar ya ajiye sunan yadda yake. PostgreSQL, rumbun da ake son mayar da bayanan cikinsa, ba ya cikin wannan yarjejeniya. Tun siga ta 9.1 da ta fito a 2011, bakslash a cikin zance harafi ne a wurinsa kamar kowane harafi, kuma idan ana son kare alhamza ninka ta ake yi: 'Sa''adatu'. Saboda haka da ya ci karo da rubutun MySQL, sai ya karanta Sa\ a matsayin cikakken zance, ya ga adatu a waje bai san abin da zai yi da shi ba, ya tsaya.

Mai rumbun Turanci yana iya yin layi dubu bai haɗu da alhamza goma ba. Mai rumbun Hausa ba shi da wannan hutu. Rabi'u, Mu'azu, Asma'u, Sama'ila, jami'a, ma'aikata, al'umma, ta'aziyya, ga 'yan da 'ya'ya da ke farawa da ita tun daga harafin farko. Ga kuma waɗanda madanninsu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, suna rubuta k'asa da d'an da b'era. A Nijar, inda ake rubuta ƴ, an ɗan sami sauƙi, amma sunaye suna nan da alhamzarsu. Rajistar ɗalibai, jerin marasa lafiya, ko tarin labaran wata jaridar intanet, layuka da yawa suna da abin da zai karya kwasa idan aka bi ta hanyar da ba ta dace ba. Da wannan ma'auni muka auna pgloader, manhajar kwashe bayanai zuwa PostgreSQL.

Manhajar kyauta ce, Dimitri Fontaine ne ke kula da ita, ɗaya daga cikin masu ba da gudummawa ga PostgreSQL. Siga ta 2 da Python aka rubuta ta, ta 3 kuma da Common Lisp. A Debian da Ubuntu `apt install pgloader` ya wadatar, akwai ta kuma a Docker. Tana kwasa daga MySQL, SQLite da MS SQL Server kai tsaye, tana kuma karanta fayilolin CSV (rubutu mai gurabe da aka raba da waƙafi), DBF da masu ƙayyadadden faɗi. Inda take kaiwa dai ɗaya ne, PostgreSQL.

Kafin a yaba mata, sai an ga abin da take ceton mutum daga gare shi. Hanyar da kowa ke fara gwadawa ita ce tura fayil ɗin mysqldump cikin psql, manhajar ba PostgreSQL umarni. Akwai kurakuran da ke ihu, akwai masu shiru. Masu ihu su ne na alhamza. mysqldump yana cusa ɗaruruwan layuka cikin INSERT guda, don haka Rabi'u ɗaya ya isa ya kayar da duk waɗanda aka ɗaure tare da shi. Bayan haka lissafin buɗe zance da rufe shi ya juye: abin da yake umarni ya koma zance, abin da yake zance ya koma umarni, psql ya riƙa ganin bakslash a fili yana ɗauka umarninsa ne, allon ya cika da `invalid command \'`. Wannan da sauƙi, domin an gani. Masu shiru su ne matsalar. mysqldump yana rubuta alamar zance mai ninki a matsayin \", bakslash a matsayin \\, sabon layi a matsayin \n. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da PostgreSQL zai ƙi. Zai karɓe su hannu bibbiyu ya ajiye su yadda suka zo, sai bayan wata guda a ga labari a shafi da \r\n a tsakiyar kowane sakin layi.

Wasu na dogara da `--compatible`. A MySQL 5.7 akwai `--compatible=postgresql`, a 8.0 `ansi` kaɗai aka bari, kuma dukansu abin da suke canzawa shi ne alamar da ke kewaye sunayen tebura, ba yadda ake kare abin da ke cikin zance ba. Wasu kuma suna sa `SET standard_conforming_strings = off` a saman fayil, su ƙara `SET backslash_quote = on`. Wannan yana aiki har wani mataki: \' da \\ da \n duk za su dawo daidai. Amma \Z, yadda MySQL ke rubuta baiti na 26, zai koma Z zalla, \0 kuma zai jawo kuskure domin PostgreSQL ba ya ajiye baiti sifili a rubutu. Sannan sauran yaren MySQL, su AUTO_INCREMENT da ENGINE=InnoDB da LOCK TABLES, yana nan yana jira. Ba banza ba kuma PostgreSQL ya taƙaita \' tun 2006: ta nan aka sami kafar cusa umarnin SQL a wasu tsarin haruffan Asiya irin su SJIS da GBK, inda baitin bakslash kan zo a matsayin rabin wani harafi.

Abin da pgloader ta yi da wannan duka shi ne ta kauce masa. Idan aka ba ta adireshin rumbunan biyu, ba ta taɓa fayil ɗin SQL ko kaɗan. Tana haɗuwa da MySQL kamar kowace manhaja, ta yi SELECT, ta karɓi sunan a baitinsa takwas ba garkuwa, ta tura wa PostgreSQL ta hanyar COPY, umarninsa na shigar da layuka masu yawa a lokaci guda. A tsarin rubutun COPY alhamza da alamar zance ba su da wani muƙami. Abin da ake karewa shi ne bakslash, tab da sabon layi, kuma ita ce ke kare su da kanta a yaren da mai karɓa ya sani. Layi ɗaya ne:

`pgloader mysql://maikwasa:sirri@localhost/makaranta postgresql:///makaranta`

A wannan fanni ba mu da abin cewa sai yabo. 'Ya'ya, "Dogo" a cikin alamar zance, adireshin fayil na Windows mai ƙarewa da bakslash, rubutun JSON mai nasa \" na halal, duk suna isa yadda suka taso. Tana kuma gyara wasu abubuwa ba tare da an roƙe ta ba: tinyint(1) ya koma boolean, kwanan wata 0000-00-00 ya koma NULL (wato babu ƙima), baiti sifili a cikin varchar da text kuma ta tsince shi ta yar. Na ƙarshen nan canji ne ga bayanai, ya kamata mai rumbu ya san an yi shi, ko da yake da wuya a sami wanda zai yi kukan rashinsa.

Ga aikin gaske an fi son fayil ɗin umarni, domin ana iya maimaita shi:

LOAD DATABASE
FROM mysql://maikwasa:sirri@localhost/makaranta
INTO postgresql:///makaranta
WITH include drop, create tables, create indexes, reset sequences,
workers = 4, concurrency = 1, prefetch rows = 10000
ALTER SCHEMA 'makaranta' RENAME TO 'public';

A lura da `include drop`. Ko ba a rubuta shi ba, shi ne tsohon saiti ga kwasar MySQL: duk tebur da ke PostgreSQL mai suna ɗaya da na MySQL za a rushe shi, tare da abin da ya rataya a kansa, kafin a gina sabo. Wannan yana da daɗi lokacin gwaji, ana kwasa ana sake kwasa. Ranar da aka nuna mata rumbun da mutane suka riga suka fara shigar da bayanai, ba zai yi daɗi ba. Wani ƙaramin tarko kuma yana cikin adireshin kansa: idan kalmar sirri tana da @, ninka shi ake yi, @@, a sunan mai shiga kuma har ruwa biyu ake ninkawa, ::, in ba haka ba ta raba adireshin inda bai kamata ba.

Ba kowa ne ke da damar haɗa rumbunan biyu ba. Sau da yawa abin da tsohon mai kula da sabar ya bari, ko abin da kamfanin masauki ya yarda ya bayar, fayil ne. A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne pgloader ta daina zama abin da ake danna wa maɓalli ɗaya.

CSV suna ɗaya ne da yaruka da yawa. Ƙa'idar RFC 4180 ta 2005 ta ce alamar zance da ke cikin gurbi ninka ta ake yi, wato "Malam ""Dogo"" Kano". Haka Excel yake rubutawa, haka COPY na PostgreSQL yake rubutawa, haka kuma pgloader take tsammani idan ba a faɗa mata komai ba. MySQL, da `SELECT ... INTO OUTFILE` ko `mysqldump --tab` tare da alamar kewaye, yana rubuta "Malam \"Dogo\" Kano", ya ninka kowane bakslash na asali, ya rubuta NULL a matsayin \N ba tare da alamar zance ba. Alhamza dai a CSV ba ta damun kowa, muddin ba ita aka zaɓa a matsayin alamar kewaye ba. Rigimar ta koma kan alamar zance mai ninki da bakslash.

pgloader tana da saiti biyu da suka shafi wannan, kuma bayanin da ke littafin jagorarta gajere ne har ya yi yawa. Na farko `fields escaped by`, mai karɓar `double-quote`, ko `backslash-quote`, ko wani harafi da aka zaɓa. Na biyu `csv escape mode`, mai karɓar `quote` ko `following`. Duk wanda ya ga fayil ɗin MySQL zai miƙa hannu ga `backslash-quote`, domin sunan ya yi kama da ciwon. Yana warkar da rabi. A wannan yanayi abin da mai karantawa ke nema shi ne bakslash da alamar zance a jere, ba wani abu ba. Bakslash ɗin da MySQL ya ninka ba za a mayar da shi ɗaya ba, zai shiga a biyu. Mafi muni shi ne gurbin da ya ƙare da bakslash. A ɗauki waɗannan layuka biyu:

7,"D:\\hotuna\\"
8,"Mu'azu"

Abin da ke gurbin farko shi ne D:\hotuna\ sannan alamar rufewa. Amma mai neman \" zai ga bakslash na ƙarshe manne da alamar rufewa, ya ce ai wannan a kare take, ya wuce. Gurbin bai rufu ba, ya haɗiye sabon layi, ya haɗiye 8 da waƙafinsa, bai tsaya ba sai a alamar da ta buɗe sunan Mu'azu. Daga nan ko dai a sami kuskure, ko layi biyu su koma ɗaya. Saitin da ya dace da fayil ɗin MySQL shi ne:

fields terminated by ',',
fields optionally enclosed by '"',
fields escaped by '\',
csv escape mode following

Da `following`, duk harafin da ya biyo bayan bakslash ana ɗaukarsa yadda yake a wuce, don haka \\ ya zama bakslash ɗaya, alamar da ke bayansa kuma ta rufe gurbi kamar yadda ya kamata. Shi ma ba waliyyi ba ne: bai san ma'anar \0 ta MySQL ba, kuma \N yana buƙatar nasa saitin, `null if`. Kada a yarda da shi sai an gwada da ƙaramin fayil mai layi goma da aka shirya da gangan: suna mai alhamza, laƙabi a alamar zance, gurbi mai ƙarewa da bakslash, gurbi mai sabon layi a ciki, NULL, da gurbi fanko wanda ba NULL ba. Minti biyar ne, kuma shi ke nuna ko saitin ya dace da wannan fayil ɗin.

Gaskiyar da masu son pgloader ba su cika faɗa ba ita ce, ga irin wannan fayil psql kaɗai yana iya aikin:

`\copy dalibai FROM 'dalibai.csv' WITH (FORMAT csv, ESCAPE '\', NULL '\N')`

A nan bakslash yana kare alamar zance da kansa a cikin gurbin da aka kewaye, \N na fili kuma ya zama NULL, wato kusan daidai da yadda MySQL ya rubuta. Idan kuma an fitar da fayil ɗin a tsohon tsarin MySQL, mai tab ba alamar kewaye, ya fi kowanne sauƙi, domin ɗan'uwan tsarin rubutun COPY ne na jini: tab, bakslash, \N, kuma alamar zance ba ta da aiki. Baiti sifili ne kawai zai hana, da saƙon `invalid byte sequence for encoding "UTF8": 0x00`, sai a cire shi da REPLACE tun a cikin SELECT. Duk wanda ke da ikon zaɓar yadda za a fitar masa da fayil, ya zaɓi wannan.

Dabaru biyu da ke yawo a intanet a guje su. Ta farko ita ce `ESCAPED BY '"'` a MySQL don a sami alamar zance a ninke. Ana samu, amma NULL ya koma "N, alamar buɗewa da ba ta da ta rufewa, kowane gurbi fanko ya zama rami. Idan kuma aka bar ESCAPED BY fanko, MySQL ba ya kare komai, laƙabin Dogo ya tsaga gurbinsa gida uku. Ta biyu ita ce bin fayil da sed, manhajar nemo rubutu da musanya shi, ana mayar da kowane \" zuwa "". Wannan shi ne kuskuren D:\hotuna\ na ɗazu da hannun mutum, ga kuma ɓarnar da yake yi wa JSON, inda \" na asali ya fito daga MySQL a matsayin \\\" sai sed ya yanke shi a tsakiya. Buɗe fayil ɗin a Excel don gyara shi ma haka: sifilin farko na lambar waya zai tafi, wanda kuma ya sake buga 'yan a gurbi zai ga alhamzar ta ɓace, domin Excel yana ɗaukar ta farko a matsayin alamarsa ta cewa wannan rubutu ne.

To me ya sa za a ɗauki pgloader ga CSV? Saboda yadda take da gurɓataccen layi. COPY ko duka ko babu: layi ɗaya ya lalace cikin miliyan, `unterminated CSV quoted field` ko `extra data after last expected column`, komai ya koma baya. PostgreSQL 17 na 2024 ya kawo `ON_ERROR ignore`, amma wannan na ƙimar da ta ƙi shiga nau'in ginshiƙinta ne, kamar rubutu a gurbin lamba, ba na layin da alamar zance ta karya ba. pgloader tana tura layuka ƙunshi ƙunshi, 25,000 a tsohon saiti. Idan PostgreSQL ya ƙi ƙunshi, sai ta karanta lambar layin daga saƙon kuskuren, ta ware shi, ta sake tura sauran. Waɗanda aka ƙi suna tafiya fayil mai ƙarewa da .dat, dalilin ƙin kuma a .log, a ƙarƙashin /tmp/pgloader. Ga fayiloli haka take yi da kanta. Ga kwasar rumbu zuwa rumbu tana tsayawa a kuskuren farko, sai an rubuta `on error resume next`. Mun ga hikimar wannan bambanci: fayil ba a iya komawa a gyara tushensa, rumbu ana iya.

Sai dai teburin da take bugawa a ƙarshe, mai nuna sunan tebur, kurakurai da yawan layuka, yana da yaudara. Sifili a gurbin kurakurai ma'anarsa PostgreSQL bai ƙi komai ba. Ba ma'anarsa abin da ya shiga daidai ne ba. Bakslash da ya ninku, garkuwar da ta shiga cikin suna, layi biyu da suka haɗe cikin gurbin text, duk halal ne a idon rumbu.

Akwai kuma ciwon da ba ta da maganinsa, kuma ba laifinta ba ne. Wani lokaci Sa\'adatu ba a fayil yake ba, a cikin MySQL ɗin yake zaune da bakslash ɗinsa. Tushen wannan mafi yawa PHP ne, yaren rubuta shafukan intanet. Tsohon saitin magic_quotes_gpc yana sa garkuwa a kan duk abin da ya shigo daga fom, mai rubuta manhaja kuma, bai sani ba, ya ƙara addslashes ko mysql_real_escape_string a kai. MySQL ya cire ɗaya, ɗaya ta zauna. An yi wa saitin gargaɗin ritaya a PHP 5.3 a 2009, aka cire shi a 5.4 a 2012, amma bayanan da aka tara a waɗancan shekaru suna nan, kuma WordPress har yanzu yana sa wannan garkuwa da kansa a kan abin da ya shigo, yana barin mai rubuta ƙari ya cire da wp_unslash. Ana gane wannan ciwo da lissafinsa: duk lokacin da aka buɗe rikodi aka sake ajiye shi, garkuwar tana hayayyafa, ɗaya, uku, bakwai, domin kowane bakslash na baya shi ma ana kare shi. Sa\\\'adatu an gyara shi sau ɗaya bayan shigarwa.

pgloader za ta kwashe wannan da aminci, datti da komai, kuma daidai ta yi, domin ba ta da hanyar sanin wane bakslash ne na gado, wane ne na asali. Aikin mutum ne, kuma a fara shi kafin kwasa, da ƙirga. A MySQL:

`SELECT COUNT(*) FROM dalibai WHERE INSTR(suna, CHAR(92,39)) > 0;`

An yi amfani da lambobin haruffan, 92 na bakslash da 39 na alhamza, don a huta da LIKE, wanda a MySQL sai an rubuta bakslash huɗu kafin a nemo ɗaya. Bayan kwasa, a PostgreSQL:

`SELECT count(*) FROM dalibai WHERE strpos(suna, chr(92) || chr(39)) > 0;`

A maimaita da 34 a madadin 39 don alamar zance mai ninki. Idan lambobin biyu sun yi daidai, kwasa ba ta ƙara komai ba, dattin na gado ne. Idan na PostgreSQL ya fi, saitin kariya ne bai dace ba, a koma a gyara shi a sake kwasa, kada a shiga goge-goge. Waɗannan matsaloli biyu kamanninsu ɗaya a allo amma maganinsu ya sha bamban, kuma wanda ya haɗa su zai yi kitso da kwarkwata.

Wankin na gado ana yin sa ginshiƙi ginshiƙi, a cikin BEGIN don a iya janyewa:

`UPDATE dalibai SET suna = regexp_replace(suna, '\\([''"\\])', '\1', 'g') WHERE strpos(suna, chr(92)) > 0;`

Wannan yana bi daga hagu zuwa dama sau ɗaya, yana cire bakslash da ke gaban alhamza, alamar zance ko wani bakslash, wato ɓawo ɗaya. Masu uku sai an bi sau biyu, masu bakwai sau uku. Kada a yi shi da replace guda uku a jere, domin na biyu zai ci abin da na farko ya fitar. A ginshiƙin suna, inda bakslash ba shi da dalilin zama, ana iya maimaitawa har ƙirga ta koma sifili. A ginshiƙin labari ko sharhi a duba samfuri da ido tukuna. Ginshiƙan JSON ba a taɓa su. Haka ma bayanan da PHP ya dunƙule da serialize, irin waɗanda suka cika wp_options da wp_postmeta: kowane zance a ciki yana ɗauke da tsawonsa a baiti, kamar s:9:, don haka cire harafi ɗaya ba tare da gyara lambar ba yana kashe dunƙulen gaba ɗaya. Ana iya sa wankin a sashen `AFTER LOAD DO` na fayil ɗin umarni, amma mun fi son a ware shi, a tabbatar da kwasa tukuna.

Tabbatarwar ba ta da wuya. Yawan layuka a ɓangarorin biyu, sannan SUM(CHAR_LENGTH(suna)) a MySQL da sum(char_length(suna)) a PostgreSQL. Bakslash ɗaya ya ƙaru ko ya ɓace, jimillar za ta nuna. Idan ta bambanta, a fitar da id da MD5 na ginshiƙin daga kowane ɓangare a jere, a haɗa su da diff, layukan da suka canza za su fito. Ga ginshiƙin da ba utf8mb4 ba a sa CONVERT(suna USING utf8mb4) kafin MD5, in ba haka ba kowane harafi na musamman zai yi ƙarar ƙarya.

Wannan ya kawo maƙwabciyar matsala da ake yawan ɗora wa alhamza laifinta. Alhamzar da SQL ke rigima a kanta ita ce miƙaƙƙiya, baiti 0x27. Lanƙwasasshiyar da Word da wayoyi ke sakawa wani harafi ne dabam, ba ta buƙatar garkuwa, amma a tsarin Windows-1252 baitinta 0x92 ne, wanda UTF-8 bai yarda da shi shi kaɗai ba. Idan saƙon kuskure ya ambaci 0x92 ko 0x93, ba kariya ba ce ta lalace, tsarin haruffa ne, kuma `WITH ENCODING` ne maganinsa a CSV. Sannan tsofaffin shafuka da yawa sun zuba ƙ, ɗ da ɓ na UTF-8 cikin teburan da aka yi wa lakabin latin1. pgloader tana gaskata lakabin, sai kowane harafi mai lanƙwasa ya fito a matsayin baƙin haruffa biyu. Tana da layi na musamman don wannan, `DECODING TABLE NAMES MATCHING ~/labarai/ AS utf8`, wanda ke cewa a manta da lakabin a karanta baitin a matsayin UTF-8. Ga mai rumbun Hausa wannan layi kaɗai ya biya kuɗin koyon manhajar. Abin da ba za ta yi ba shi ne haɗa Rabi'u mai miƙaƙƙiya da mai lanƙwasasshiya su zama mutum ɗaya. Wannan shawara ce ta mai bayanai.

Aibobinta na fili uku ne. Tana da cin ƙwaƙwalwa, kuma a teburan da ke da manyan gurabe na rubutu ko hoto takan faɗi da saƙon `Heap exhausted, game over`. Rage `prefetch rows` daga 100,000 na tsohon saiti zuwa 10,000 ko ƙasa, da barin `concurrency` a 1, shi ne matakin farko, shi ya sa muka sa su a misalin sama. Na biyu, sigogin 3.6 da aka saba samu a ma'ajiyar Debian da Ubuntu an san su da ƙin shiga MySQL 8 mai tantancewar caching_sha2_password. Ana kewaye wannan da mysql_native_password, amma MySQL 8.4 ya kashe shi a tsohon saiti sai an kunna, 9.0 kuma ya cire shi ɗungurungum, don haka a gwada haɗin da `--dry-run` kafin a sa ranar kwasa. Na uku, idan aka yi kuskure a fayil ɗin umarni, saƙon da take bayarwa na mai Lisp ne ba na mai rumbu ba, kuma layin `fields escaped by` yana cikin wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Ba ta kuma kwasar stored procedures da triggers na MySQL, wato umarnin da aka ajiye a cikin rumbun kansa, views (tambayoyin da aka ajiye ana karanta su kamar tebur) ma sai dai ta mayar da su tebura idan an ce ta yi. Waɗannan da hannu za a sake rubuta su, kuma a nan Sa\'adatu zai sake ɓullowa, domin SQL ne da mutum ya rubuta da yaren MySQL. Haka duk wata tambaya da ke cikin manhajar kanta: wadda ke kare alhamza da addslashes za ta karye ranar farko a kan PostgreSQL, wadda kuma ke kewaye zance da alamar mai ninki, WHERE suna = "Asma'u", za ta sami amsar cewa babu ginshiƙi mai wannan suna, domin a PostgreSQL alamar mai ninki ta sunayen tebura da ginshiƙai ce. A bi lambar manhajar da grep a nemo addslashes, stripslashes da mysql_real_escape_string kafin a juya mata akala, a mayar da tambayoyin masu gurbin $1 da $2 ko na PDO, inda ƙima ke tafiya dabam da umarni. stripslashes da aka manta a wurin nunawa, bayan an wanke rumbu, zai fara cin bakslash na halal.